Kurakuran da muke yi wa cututtukan bairos a Maradi, da yadda za a gyara

Da hunturu ya kama, mura ta cika gidaje, sai uwa ta tare mai tallan magani a faranti, ta sayi kafso biyu na amoksisilin, ta fasa wa yaro a cokali. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa. Mura yawanci bairos ne ke kawo ta, amoksisilin kuwa bakteriya yake kashewa, bairos ko a jikinsa. Waɗanda ke shan wuya su ne bakteriya masu amfani na hanjin yaron, shi ya sa zawo kan biyo baya, waɗanda suka tsira kuma su daina jin magani. A ba shi nono da ruwa, in da zazzaɓi a gwada jini don maleriya. In numfashi ya yi sauri ko haƙarƙari na lotsawa, a kai shi asibiti ranar nan.

Sai zawon jarirai da ake cewa “ai haƙori ne”. Sau da yawa rotabairos ne, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. A nan kusa, a yankin Madarunfa, aka gwada wa jarirai sama da 3,500 wata rigakafin ɗigo mai jure zafi, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ta rage zawon rotabairos mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku. Abin takaici ne a ce a ƙasarmu aka gwada, amma katin rigakafi na kwance ƙarƙashin katifa. Gyaran shi ne ruwan gishiri da sukari na SRO tun zawon farko, da zinki kwana 10 zuwa 14.

Wasu kuma na ɗauka duk bairos abokin gaba ne. A'a. Akwai masu cin bakteriya kaɗai, waɗanda masanin kimiyya Félix d'Hérelle ya bayyana a 1917, kuma suna nan a tabki, a rijiya, har cikin hanjinmu, suna rage yawan bakteriya. Sai dai lamarin kaifi biyu ne: a 1996 aka gano dafin kwalara, irin wadda ta addabi Madarunfa da Maradi a 2018, wani bairos ne ke ɗora wa bakteriyar. Duk wannan ido ba ya gani, don haka garau ɗin ruwa ba shaida ba ce. A tafasa, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs a jira minti 30.

Dabba ta yi ɓari ko ta kwanta, sai a yi maza a sa wuƙa kar a yi asara. Ta jini da ɗanyen nono zazzaɓin Rift Valley, wanda bairos ke kawowa, ya kama makiyaya a Tchintabaraden ta jihar Tahoua a 2016. A kira malamin dabbobi tukuna, nono kuma a dafa. Cizon kare kuwa, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti neman allurar rigakafin cutar haukan kare tun alama ba ta fito ba.