Kurakuran da Ke Kashe Kwanon Urushi Tun Bai Tsufa Ba

Kwanon urushi na katako ne, ana shafe shi da ƙaron wata bishiya, wanda ake kira urushi, shafi bisa shafi har ya yi sheƙi, baƙi wuluk ko ja. Don cin abinci Japanawa suka yi shi, a cikinsa ake shan miyar miso safe da yamma. Ƙaron yana da ƙarko na ban mamaki: a Kakinoshima da ke tsibirin Hokkaido, arewacin Japan, an tono kayan da aka shafa masa masu shekara kusan 9,000. Tsami ba ya cin sa, haka gishiri da mai. Amma sai ka ga an sayi sabo, kafin a je ko'ina ya tsage ko ya dusashe, kuma yawanci laifin mai shi ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lallaɓawa fiye da kima. Mutum ya ga tsadarsa, sai ya mayar da shi kwalinsa, ya ɗora saman kabad yana jiran ranar baƙi. Wannan ajiyar ce ke kashe shi. Urushi ba bushewa yake yi kamar fenti ba, da danshi yake ƙanƙarewa. Shi ya sa masu sana'ar ke saka kwanukan da suka shafa cikin wani kabad na katako da suke jiƙawa, danshin iskarsa ya kai kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari. Bayan an gama, katakon da ke ciki yana ci gaba da shan danshi yana fitarwa. Idan ya daɗe a busasshen wuri sai ya motse, shafin ya kasa bin sa, ya dare. Wanda ya san yadda akushi ke tsagewa in an yi watsi da shi zai gane nan take. Wankin kullum shi ke ba kwanon ɗan danshin da yake so, gogar tsumma kuma ita ke fito da sheƙin. Akwai ma wani salo, na Negoro, da ake shafa ja a kan baƙi, kuma masu tara irinsa sun fi son wanda hannu ya cinye jan har baƙin ya leƙo. Maganin dai a ci abinci a ciki. In ajiyar ta zama dole, a sa shi a ƙasan kabad tare da ƙaramin kofi na ruwa, nesa da iyakwandishan. Wanda ya kawo irinsa Kano ko Damagaram ya ninka kula lokacin hunturu, don iskar Japan ba ta kai tamu bushewa ba.

Rana ita ce babbar abokiyar gabarsa. Haskenta na cin shafin a hankali har ya koɗe, kuma tsumma ba ta dawo da shi. Kada a shanya shi a tsakar gida, kada a jera shi bakin taga.

Wajen wanki mutane sun kasu biyu, masu tsoron taɓa shi da sabulu da masu dirzar sa kamar tukunya. Ruwa mai ɗumi, sabulun wanke-wanke na ruwa da soso mai laushi sun wadatar. Ban da soson ƙarfe, ban da toka ko garin goge tukwane. Shinkafa ta manne? A zuba ruwan ɗumi minti goma, za ta saki. Barin sa cikin baho ya kwana kuwa ganganci ne, don in akwai ƙaramar tsaga ruwa zai shiga katakon ya kumbura shi. A wanke shi daban da tangaran da cokulan ƙarfe, gindin kofin tangaran kaɗai ya isa ya zana masa layi. Da an ɗauraye a goge da tsumman auduga, kada ɗigon ruwa ya bushe a jikinsa ya bar tabo.

Injin wanke kwanuka, maikirowef da doguwar ajiya a firij duk ba nasa ba ne.

Sai miya mai tafasa. Katako ba ya saurin ɗaukar zafi, shi ya sa Bajapane ke ɗaga kwanon da hannu ya kai baki. Amma juye miya tana ɓararraka daga kan wuta na iya sa cikin baƙin kwano ya yi fari-fari, musamman sabo, wanda ke ɗaukar watanni kafin ya gama ƙanƙarewa. A sauke tukunya ta ɗan huce, ko a fara ɗauraye kwanon da ruwan ɗumi. Warin sabon kwano ma kan sa wasu su zuba masa tafasasshen ruwa. Ba sai an yi haka ba: a bar shi a inuwa inda iska ke kaɗawa mako ɗaya ko biyu, ko a binne shi cikin ɗanyar shinkafa na 'yan kwanaki. Ƙurajen da ake cewa urushi na sa wa fata kuwa ɗanyen ƙaron ne ke jawo su, wanda ya ƙanƙare sosai da wuya ya dami fata.

Wani kuskuren tun a kanti ake yin sa. Da yawan kwanukan da ke sheƙi roba ce aka fesa wa fenti. Dokar Japan ta wajabta a rubuta abin da aka yi jikin kwanon da shi da abin da aka shafa masa, don haka a duba takardar ko a tambaya. Araha ma alama ce: bishiya kan yi shekara 10 zuwa 15 kafin a tatse ta, abin da take bayarwa bai wuce giram 200 ba, sannan a sare ta.

Idan baki ya ɓalle, kada a kai masa sufa gulu, ƙara wa mai gyara aiki kawai zai yi. Na asali ana kankare shi a sake shafawa. A Wajima da ke jihar Ishikawa, inda ake liƙa ƙyalle a bakin kwano a kuma gauraya ƙaron da garin wata ƙasa da aka gasa, gyara tsohon sashe ne na sana'ar, ko da yake girgizar ƙasar 1 ga Janairu 2024 ta rushe wuraren aiki da dama a garin. Kafin a samu mai kai shi wurin gyara, a daina zuba masa abu mai ruwa, a adana ɓallin da ya fita, a naɗe su tare cikin tsumma.