Yadda Ake Shirya Daren Labarin Waƙa a Unguwa

A unguwarmu da ke yammacin Kogin Gash a Kasala, ƙasar Sudan, muna yin wani zama da muke kira daren labarin waƙa. Mutum biyar ko shida ne suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba da labarin gaskiya na wata waƙa ko wani kiɗa da ya juya masa rayuwa, da baki, babu takarda, cikin minti goma. 'Yan'uwa daga Gadarif da Damazin sun sha tambayata yadda ake haɗa shi, shi ya sa na rubuta wannan.

Yawancin aikin yana wajen neman masu labari ne, tun makonni kafin a shimfiɗa tabarma. Kada ka yi shela. In ka yi shela, masu baki ne za su zo, waɗanda dama ba a taro babu su. Masu labarin da kake nema ba su san suna da shi ba. Je ka zauna wurin mai shayi, wurin mai agashe, wato tsire, ka shiga hira da direban raksha, wato keke mai ƙafa uku, da matan da ke sayar da gyaɗa a bakin kasuwa. Kuma kada ka tambayi mutum yadda waƙa ta canza masa rayuwa, don amsa ɗaya za ka samu: "Alhamdulillahi, waƙa tana sanyaya rai." Tambaye shi wace waƙa ce in ya ji ta sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ina yake ranar da ya fara jin ta? Wa ke kusa da shi?

Haka na yi da wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Haja. Na same ta a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, tana soya bunnin jabana, wato gahawa. Na ce, "Haja, akwai waƙar da ba ki taɓa mantawa ba?" Ta ce, "Ɗan nan, ni me na sani na waƙa?" Ban matsa ba. Sai da ta daka, ta tafasa, ta zuba mini a ɗan finjali, sannan ta fara. An kai ta aure tana yarinya wani kambo, wato sansanin ma'aikatan gona, a Jazira kusa da Madani, ba ta san kowa ba, kullum kuka. Wata safiya ana cirar auduga sai ta ji wata mata can kunya biyu gaba da ita tana rera waƙar niƙa irin wadda mahaifiyarta ke yi. Ba ta san lokacin da ta amsa amshin ba. Matar ta ɗago kai ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Ashe ungozoma ce. Ita ta karɓi haihuwarta ta fari, ita ta koya mata ungozomanci, kuma da wannan sana'a Haja ta ciyar da 'ya'yanta bayan mijinta ya rasu. Irin labarin da ake nema ke nan: rana ɗaya, waƙa ɗaya, da abin da ya biyo baya wanda ake iya gani da ido.

In ka samu mai labari, koma wurinsa ku gyara tare. Abin da za ka fi fama da shi shi ne farawa. Kusan kowane dattijo zai so ya ɗauko daga kakansa da ya baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 ya zauna a Maiwurno, ko wanda ya tsaya a hanyar Makka ya yi aikin madatsar ruwa ta Sinnar da aka gama a 1925. Tarihi ne mai daraja, kuma namu ne, amma zai cinye lokacin duka kafin a kai ga waƙar. Roƙe shi cikin ladabi ya ba kakan nan jimla ɗaya, sannan ya sauko kan ranar. Kada ka bari ya haddace. Abu uku kawai zai riƙe a ka: halin da yake ciki kafin nan, ranar ita kanta, da abin da ya canza. Sauran zai zo da kansa in ya ga idon mutane. In ya fara jawo darasi yana cewa "don haka ya kamata mu", nuna masa cewa labarin ya riga ya faɗi wannan.

Waƙar kuwa, mai labarin ne zai rera ta da bakinsa, baiti ɗaya ko biyu, ko da muryarsa ta dushe. Ni ban yarda a kunna ta a waya ba. Da zarar muryar rikodi ta tashi, hankalin mutane ya bar wanda ke tsaye a gabansu ya koma kan mawaƙin. Macen da ba ta son ɗaga murya gaban maza tana iya faɗin kalmomin kawai, ko ku keɓe wa mata darensu. In akwai mai gangar dalluka ko mai udu, wato molon Larabawa, ya taɓa kaɗan tsakanin labari da labari don mutane su numfasa. Babu liƙi, babu kirari. In kuɗi ya fara tashi sama, zaman ya zama biki, kuma wanda zai fito na gaba da labarin rasuwar ɗansa ba zai iya buɗe baki ba.

Kafin ka gayyaci kowa, je ka gai da limamin unguwa ka gaya masa abin da kake shirin yi, dalla-dalla. Akwai waɗanda kalmar waƙa kaɗai take tayar musu da hankali, kuma ba a raina damuwarsu. Wannan ja-in-ja ba sabo ba ne a garin nan. A'isha Fallatiya a Kasala aka haife ta, mahaifinta malami ne kuma bai so ta yi waƙa ba, amma ta zama ɗaya daga cikin matan farko da aka ji muryarsu a Rediyon Omdurman, wanda aka buɗe a 1940, kuma har yau ana tuna ta ko da yake ta rasu tun 1974. Bayyana wa malam cewa ƙofar a buɗe take ga bege da ishiriniya da madihun da ake yi da mandiri, ga waƙar reno da ta daka da ta noma. Mu limaminmu da ya fahimci haka, shi da kansa ya nuna mana wani makaho mai bege da ya kamata mu ji labarinsa.

Wuri ba ya buƙatar wahala. Tsakar gida mai faɗi ko filin makaranta, tabarmi, angareb, wato gadon igiya, biyu ko uku na tsofaffi, gefen mata daban. Lasifika mai caji guda ɗaya da fitilar sola, don wuta ba abin dogaro ba ce. A fara bayan sallar lisha a gama cikin awa ɗaya da rabi. Ka guji tsakiyar damina da kwanakin da ƙura ke tasowa. Sanar da kwamitin unguwa da hukuma, musamman a wannan hali na yaƙi da ƙasa ke ciki.

Jeri yana da muhimmanci. Fara da labari mai sauƙi wanda zai sa a yi dariya, ka ajiye mafi nauyi na uku ko na huɗu, a sha shayi bayansa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, garinmu ya cika da waɗanda suka gudo daga Khartum da Omdurman, sannan daga Madani a ƙarshen 2023, kuma da yawan labaran da ke zuwa mana yanzu nasu ne. Wani saurayi ya tsaya yana ba da labarin waƙar da ƙanwarsa ke rerawa a bayan babbar mota suna hanya, don ƙananan yara su daina jin ƙarar harbi. Ya kai tsakiya sai murya ta ƙi fita. A irin wannan lokaci mai gabatarwa kada ya karɓe makirufo, kada ya ce a tafa, kada ya fara ba da haƙuri da dogon jawabi. Na matsa kusa da shi, na miƙa masa ruwa, na ce, "Ɗan'uwa, muna nan, ba mu sauri." Ya sha, ya goge fuska da hannun jallabiyarsa, ya ƙarasa. Ka tanadi babban mutum, namiji da mace, wanda zai zauna da irin wannan mai labari bayan ya sauka. Ka kuma kafa doka tun farko: ba a kiran sunan ƙabila ko ɓangare da zargi. Mun san abin da irin wannan magana ta jawo mana a baya.

Wata dokar ita ce ta waya. Ba a ɗaukar kowa sai da izininsa, kuma ko ya yarda a daren, sake tambayarsa washegari kafin a sa a Facebook ko WhatsApp. Abin da mutum ya faɗa gaban maƙwabta hamsin ba lallai ne yana son dangin matarsa a Jidda su ji ba.

Mai gabatarwa ya taƙaita: suna, sana'a, bismillah. Lokaci ne matsalarsa, domin ba a katse dattijo. Mu mun yi yarjejeniya da masu labari cewa in yaro ya kawo kofin ruwa ya ajiye a gabanka, saura minti biyu. Babu wanda ya taɓa jin an ci masa fuska da haka. Harshe kuma a bar kowa da nasa. Yaranmu da yawa Larabci ya fi zama a bakinsu, suna haɗawa da Hausa, kada wani ya gyara musu a tsakiyar labari.

Kuɗin sukari da gawayi da caji da rakshar da za ta mai da tsofaffi gida, karo-karo ne: faranti a bakin ƙofa, a faɗi abin da aka samu da abin da aka kashe a zama na gaba.

In an tashi kada ka yi saurin naɗe tabarmi. Tsaya kusa da mai shayi. Nan ne wani zai matso ya ce a hankali, "Ni ma fa akwai wata da babana ke yi." Tambayi gidansu nan take, kuma ka je cikin makon, tun kunya ba ta dawo masa ba.