Masu bas, a daina lafta wa ƙofa giris

Salamu alaikum 'yan uwa direbobi, musamman masu Hiace da ke bin hanyar Katsina zuwa Daura. Hunturu ya shigo, don Allah a daina lafta wa layin ƙofar gefe giris ko baƙin mai. Ƙura ke manne masa, ya koma kamar yashi, ya cinye 'yan tayoyin ƙofar. Sai da na canza nawa kafin na gane.

Ku samu tsohon buroshin haƙori ku kankare layukan ƙofar guda uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa. Na ƙasa ya fi tara tsakuwa da ɓawon gyaɗa. Ku goge da tsumma, ku fesa man silikon kaɗan, har da robar bakin ƙofa. In ta fara cijewa, kada yaron mota ya riƙa buga ta da ƙarfi, a kai wa bakanike.