Kurakuran da ke hana ɗan talaka zama likitan haƙori

A Tawa, yaron da ubansa ma'aikaci ne yakan san hanyar zama likitan haƙori tun yana kwalej, don ana zancen a gidansu. Ɗan manomi daga Keita ko Buza kuwa, ko da ya fi shi kai, sau da yawa sai ya ci bak sannan ya fara tambaya. Abin yana ci mini rai, domin yawancin abin da ke kayar da shi ana iya gyara shi tun da wuri.

Kuskuren farko bayan BEPC ake yin sa. Yaro ya bi abokansa zuwa Seconde A, ɓangaren adabi, don tsoron lissafi, bai san ya rufe wa kansa ƙofa ba. Karatun haƙori bak D ko C, na ɓangaren kimiyya, yake so. Kuma cin bak da ƙyar ba ya wadatarwa, makin SVT da fizik da shimi da lissafi ake dubawa. Kada a yi wasa da Faransanci, da shi za a yi karatun duka.

Sai maganar takardu, wadda ta fi kowacce cutar 'ya'yan karkara. Za ka ga takardar haihuwa ta ce Mahamadou, ta bak ta ce Mohamed, ko shekarar haihuwa ta bambanta tsakanin takardu biyu. Wani ma ba shi da takardar zama ɗan ƙasa sam. Ranar ajiye dosiye, mai karɓa zai ɗora yatsa kan harafi guda ya ce, "Malam, wannan ba mutum ɗaya ba ne," ya turo maka takardunka. Gyaran irin wannan sai an bi ta kotu, kuma ba aikin mako guda ba ne. Tun ɗalibi yana Première ya shimfiɗa takardunsa a tabarma, ya karanta su harafi-harafi, abin da ya saɓa a gyara, a yi kwafi a buga musu hatimi.

Iyaye ma suna da nasu. "Wannan karatun 'ya'yan manya ne," ko "shekara shida ya yi wa 'ya mace yawa." Kafin a yanke hukunci, a nemi bayanin burs a ANAB, hukumar ba da burs da ke Yamai, a san ranar da ake rufe karɓar dosiye, kada a jira jin ta a bakin mutane. Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar tana koyar da aikin haƙori, haka Bamako da Abijan. In makarantar kuɗi ce, kada a sayar da gona sai an tabbatar gwamnati da CAMES, hukumar Afirka mai tantance takardun jami'o'i, sun amince da takardarta. A kuma sa kuɗin kayan aiki cikin lissafi, don ɗalibi yakan sayi wasu da aljihunsa.

Wasu kuma suna zaɓen haƙori don kawai ba su samu gurbin likitanci ba. Aikin hannu ne, cikin baki, da jini da ɗoyi da yaro mai kuka. Ka nemi izini a babban asibitin Tawa ka ga yadda ake yi. Ka tambayi ma'aikatan labarin cutar noma, ciwon da ke cinye fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023.