Yadda Ake Gwada Ƙarfin Tsumman Kashe Ƙwayoyin Cuta

A kan fallen robar PVC, zana murabba'i huɗu a jere, kowanne santimita 5 sau 5, bisa tsarin EN 16615, ƙa'idar Turai ta gwada irin wannan tsumma. A na farko kaɗai za ka ɗiga mililita 0.05 na ruwan ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus, ka bari ya bushe.

Naɗe tsumman a jikin dutsen granite mai nauyin kilo 2.3 zuwa 2.5, ka ja shi daga murabba'i na farko zuwa na huɗu ka dawo cikin daƙiƙa 2. Kada ka danna, nauyin ya isa.

Jira lokacin aikin maganin da kamfanin da ya yi tsumman ya rubuta. Da hunturu a Zariya tsumma mai alkahol kan bushe tun lokaci bai cika ba, don haka kashe fanka, rufe tagogi.

Shafo kowane murabba'i da auduga, ka tsoma a ruwan karya magani, wato mai tsayar da aikin maganin tsumman: sinadaran lecithin da Tween 80, ko sodium thiosulfate in maganin na kulorin ne. Wanda ya tsallake wannan, maganin zai ci gaba da kisa a kwalba, sakamako ya fito da ƙarya. Shuka ruwan a farantin renon ƙwayoyin cuta, ajiye a 37°C awa 24 zuwa 48. Ana so ƙwayoyin su ragu ninki 100,000 a na farko, matsakaicin adadin ƙwayoyin da suka tsiro daga sauran ukun kuma kada ya wuce 50.