Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Tashar Lantarki ta Ruwa da Babban Layi a Jihar Kaduna

Duk wanda ya tsaya a gaban ruwan Matsirga kusa da Kafanchan a watan Agusta, ko ya ga yadda rafuka ke gangarowa daga duwatsun Kagoro, zai raya a ransa cewa wutar lantarki ce ke wucewa a banza. Tunanin ba sabo ba ne, domin maƙwabtanmu na Filato sun daɗe suna cin moriyarsa: tun 1929 kamfanin NESCO yake samar da wuta daga ƙananan tashoshin ruwa, waɗanda aka fara ginawa saboda ma'adinan kuza. Sai dai mafi yawan masu sha'awar wannan aiki suna ƙare hankalinsu a kan ruwa da inji, su bar maganar waya sai daga baya, alhali a nan ne aikin yake yawan maƙalewa. Madatsar Gurara da ke cikin jihar nan, wadda aka gina don kai wa Abuja ruwa, tana da tasha mai megawat 30, kuma ta ɗauki shekaru tana jiran layin da zai kwashe wutarta. Idan haka ta faru da aikin gwamnati, ɗan kasuwa ko ƙungiyar gari da suka ciwo bashin banki ba su da ƙarfin irin wannan jira. Don haka shawarata ita ce kada a zuba buhun siminti ko ɗaya sai an san inda wutar za ta shiga, da wanda zai saye ta, da abin da injin zai yi a duk lokacin da aka ɗauke wuta a layin.

Abu na farko shi ne a san ƙarfin da rafin zai iya bayarwa, domin shi zai nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Lissafin ba shi da wuya: a ninka yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya da tsayin faɗuwarsa a mita, a ninka da 9.81, sannan a ninka da ingancin injin, wanda a ƙananan tashoshi ake ɗauka wajen kashi 75 cikin ɗari. Rafin da ke ba da kubik mita 2 a daƙiƙa, yana faɗowa daga tsayin mita 30, zai ba da kusan kilowat 440. Kuskuren da ake yawan yi shi ne aunawa da damina. Rafin da ke hana mutane tsallakewa a Satumba yakan koma abin da akuya ke ƙetarewa a Maris, saboda haka sai a kafa sandar awo a bakin ruwa, a shafa mata fenti ja da fari, a ɗauki wani amintacce daga ƙauyen ya riƙa rubuta inda ruwan ya kai kowace safiya har shekara ta zagayo. A haɗa wannan da bayanan hukumar NIHSA mai lura da kogunan ƙasa. Izinin amfani da ruwan kuwa yana hannun hukumar NIWRMC mai tsara amfani da albarkatun ruwa na ƙasa, kuma dole a tuntuɓi hukumar raya kogunan Neja ta Sama da ke Minna, wadda Kaduna ke ƙarƙashinta, sannan a yi binciken tasirin aikin ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta tanada. Manoman rani da masunta da makiyayan da ke ƙasan rafin su ma a zauna da su a fadar hakimi tun da wuri.

Da zarar an san girman tashar, sai a duba rukunin da ta faɗa a dokokin hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ƙasa. A ƙa'idojin 2023, tashar da ba ta wuce megawat 1 ba tana iya bin tsarin ƙaramin layi na unguwa ko ƙauye, kuma idan za a jona ta da wayoyin kamfanin rarraba wuta, ana ƙulla yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku: mai tasha, da kamfanin, da al'ummar da za ta sha wutar. Wadda ta haura megawat 1 tana bukatar lasisi. Ƙa'idojin 2012 na tashoshin da ke zuba wutarsu kai tsaye a layin rarrabawa sun ce daga megawat 1 zuwa 6 a jona a layin kilobolt 11, daga 6 zuwa 20 kuma a layin kilobolt 33. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin, don haka a ranar da za a shigar da takarda a tabbatar da ofishin da ke da hurumi a kan aikin.

Wannan yana nufin cewa ƙaramar tasha ba kasafai take taɓa manyan wayoyin TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, masu kilobolt 132 da 330 ba, irin waɗanda suka taso daga Shiroro suka sauka a Mando. Kuɗin gina tashar jonawa a wannan mataki kaɗai yana iya fin kuɗin injin da madatsar baki ɗaya. Abokin hulɗar mai ƙaramar tasha a nan shi ne Kaduna Electric, wanda ke rarraba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, kuma ta wayoyinsa ne wutar ke saduwa da babban layin ƙasa.

Zaɓen wurin jonawa shi ne inda ya kamata a daɗe ana nazari. A rubuta wa kamfanin takardar neman jonawa, a nemi a san fidar da ta fi kusa, wato layin da ke kai wa wani yanki wuta, da kaurin wayarta, da tsawonta daga tashar da ta taso, da nauyin da take ɗauka dare da rana, sannan abin da ya fi kome muhimmanci, awa nawa take samun wuta a yini. Tashar nan ta kilowat 440 idan ta yi aiki awa 24 za ta sayar da yunit 10,560 a rana, amma idan layin awa 10 kacal yake raye, yunit 4,400 za ta sayar, sauran ruwan ya bi ta kan madatsa ya wuce, bankin kuwa ba ruwansa da wannan uzuri. Sau da yawa gara a ja waya mai nisa zuwa layin kilobolt 33 da ba a cika kashewa ba, da a jona da na kilobolt 11 da ke bakin ƙofa amma kullum a mace. Akwai kuma ribar da ke cikin wayar kanta: wutar megawat 1.5 tana jan wajen amfiya 79 (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) a kilobolt 11, amma wajen 26 kawai a kilobolt 33, kuma da yake asarar waya tana ƙaruwa ne da ninkin amfiya a kan kanta, asarar takan ragu sau tara a waya iri ɗaya. Injiniya mai rajista zai yi lissafi biyu kafin kamfanin ya amince. Na farko zai nuna ko zuba wuta a ƙarshen dogon layin ƙauye zai sa ƙarfinta ya haura ƙima da tsakar dare lokacin da kowa ya kashe kayansa, har ya ƙona wa mutane firji da talabijin. Na biyu zai nuna yawan wutar da za ta kwarara idan wayoyi suka haɗu da juna, don a san ko birekun da ke layin, wato makatsan da ke yanke wuta da kansu idan an sami matsala, za su iya katse ta.

Daga nan sai maganar janareta. Akwai mai araha, wanda ke jingina da wutar layi kafin ya iya samar da tasa. Ba shi da wuyar jonawa, amma da an ɗauke wuta shi ma ya tsaya. Akwai kuma mai cin gashin kansa, wanda ke riƙe ƙarfin wuta da saurin bugunta da kansa. A ƙasar da layi ba ya yankewa, na farkon ya wadatar. A nan Kaduna, inda kowa ke tuna yadda akasarin Arewa ta kwana fiye da mako a duhu a watan Oktoban 2024 bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta, ni ba zan ba kowa shawarar sayensa ba. A sayi na biyun, a tsara tashar yadda idan babban layi ya mutu za ta ware kanta ta ci gaba da ba ƙauyukan kusa da injinan niƙa da asibiti wuta. Amma wannan sai an rubuta shi a yarjejeniya, an kuma kafa makatsi a daidai iyakar yankin da za ta ɗauka, domin ƙaramin inji ba zai iya jan fida sukutum ba.

Jona injin da ke gudu da layin da ke raye yana da sharuɗɗa huɗu: ƙarfin wutar ɓangarorin biyu ya zo daidai, bugunsu ya zama ɗaya, wato zagaye 50 a daƙiƙa, jerin fes ukun, wato wayoyin wuta uku, ya dace, kuma su kasance a taki ɗaya a daidai lokacin da za a rufe bireka. Janareta mai ƙafar maganaɗisu huɗu sai ya yi zagaye 1,500 a minti kafin ya ba da wannan bugu, mai ƙafa shida kuma 1,000. Tsofaffin ma'aikata da ƙwan fitila uku suke gane lokacin. Za ka ga ƙwayayen suna haske suna dushewa tare, da sauri da farko, mai aiki yana murɗa ƙofar ruwa kaɗan-kaɗan har lumshewar ta koma a hankali kamar numfashin mai barci, sai ya jira tsakiyar duhun ya buga bireka. Idan ya yi kuskure, ƙarar da za a ji kamar an doka guduma a kan ƙarfe, kuma tana iya karya sandar injin. Yau na'ura ce ke yin wannan, amma a sa rile, wato na'urar tsaro mai sa ido a kan wutar, wanda zai hana birekar rufuwa idan sharuɗɗan ba su cika ba, ko da hannu aka taɓa ta. A kuma sani cewa ko da yake ƙa'idar layin ƙasa ta ce bugun ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25, a aikace yakan fita daga nan, don haka idan aka matse saitin rile ƙwarai tashar za ta yini tana faɗuwa. Da injiniyoyin kamfanin za a zauna a tsayar da saitin, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Kariyar da ba a sassauci a kanta ita ce wadda ke cire tashar daga layi nan take idan wutar kamfani ta ɗauke. Ma'aikacin da aka kashe wa layi daga tasharsu zai jingina tsani da falwaya ya hau da natsuwa, bai san wani inji a bakin rafi yana turo wuta ta baya ba. Saboda shi ne ake sa rilen gane mutuwar layi, da kuma makatsin da ido ke iya ganin buɗewarsa, mai wurin ɗaura kwaɗo, wanda ma'aikatan kamfanin za su iya kaiwa gare shi ko da tsakar dare. Ita ma tashar tana da nata haɗarin a wannan lokaci, domin da nauyi ya sauka farfelar da ruwa ke juyawa za ta zabura da gudu, idan kuma aka datse ruwan farat ɗaya, matsinsa yana iya fasa bututu. Maganin shi ne ƙofar ruwa mai rufuwa sannu-sannu da kanta ko babu wuta, tare da wasu murhunan lantarki da ake nutsawa cikin ruwa su shanye wutar kafin ƙofar ta gama rufuwa. Kada a yi rowar wayar ƙasa da na'urorin kama aradu a ɓangarori biyu na taransifoma, musamman a kudancin jihar inda tsawar farkon damina ba ta da wasa.

Mita tana zama ne a daidai iyakar kayan mai tasha da na kamfani, mai ƙirga shiga da fita, a kuma sa ta biyu don tantancewa idan gardama ta taso. Yarjejeniyar sayen wuta ta fayyace farashin yunit, da ranar biya, da jinginar da mai saye zai ajiye a banki, da wanda zai ɗauki asara idan tashar tana shirye amma layi a kashe. Wanda ke da masana'anta kusa da shi, kamar kamfanin casar shinkafa ko na sarrafa citta, yana iya duba ƙa'idar 2024, wadda ta maye gurbin ta 2017, da ta ba manyan masu amfani da wuta damar saye kai tsaye daga mai samarwa, a biya kamfanin rarrabawa kuɗin bin wayarsa.

Kafin a kunna, jami'an hukumar NEMSA mai tantance ingancin kayan lantarki za su duba aikin su ba da takardar shaida. A ranar gwaji a nemi kamfanin ya kashe fidar da gangan alhali injin yana ɗauke da rubu'in nauyinsa, sannan rabi, sannan cikakke, kowane karo ana kallon agogon gudun farfela da na matsin bututu, ana rubuta daƙiƙar da bireka ta buɗe. A maimaita gwajin a ƙarshen damina ta farko, bayan an kwashe ganye da itacen da suka toshe ragar bakin bututu.