Ga masu allurar insulin da aka yi wa tiyatar rage ƙiba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yayata aka yi wa aikin, ni na yi jinyarta a gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura, shi ya sa nake wannan jan hankalin.

Bayan tiyata ciki ya zama ɗan ƙarami, cokali kaɗan ta ci ta ƙoshi. Idan aka ci gaba da allurar da aka saba ta lokacin cin malmalar tuwo biyu, suga faɗuwa zai yi. Wata asuba na tarar da ita gumi sharkaf, hannu na karkarwa, na'urar gwajin suga ta nuna 58. Duk abin da ya gaza 70 ƙasa ne: a ba da gulukos kamar giram 15, a sake gwadawa bayan minti 15. Don Allah tun kafin a sallame ku, ku sa likita ya rubuta muku sabon adadin allura.

Amma kada a ce suga ya yi kyau a jefar da allura, musamman mai ciwon suga nau'i na 1. Barin allura mai dogon aiki kan jawo guba ta taru a jini, abin da ke kai mutum gadon asibiti. In amai ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti ko da suga bai hau sosai ba.

Abinci kuwa, in likita ya yarda a koma cin mai tauri, kaɗan-kaɗan, a fara da ƙwai, kifi ko alala. Fura mai sukari da zoɓo mai zaƙi sukan ɗaga suga, bayan awa biyu ya rufto. Mu a tulu muke ajiye insulin idan babu wuta, cikin leda a ɗaure.